Shinkafa Ba Gishiri

Ni dai ba na son kare, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ce na ɓoye. Ban so shi ina yarinya ba, ban so shi da furfura ta fito mini ba. Amma akwai kare guda da na yi wa gadi da bakina har na ɓata da rabin garinmu, kuma ƙanwata Atika ce ta ja mini.

Garinmu 'yar tunga ce a gefen Ka'oje, inda in ka tsaya bakin fadama kana hango itatuwan ƙasar Benin. Shinkafa muke nomawa, kifi muke kamawa. Ni da Atika banda muke yi, mu karɓi kifi hannun masunta mu kyafe mu kai kasuwa. Tun da mai gidana ya rasu na dawo gidanta da zama. Ita ba ta da yawan magana, ni kuwa Allah ya hore mini, sai ya zamana duk wata magana ta gidan ni ke yin ta.

Shekarar da ruwa ya yi mana ba-zata, da hantsi ya shigo, mutane duk suna gona. Jinga ta ɓalle, kafin a ce me, fadama ta zama gulbi. Matar Namadi masunci ta kwantar da ɗiyarta Zuhura, 'yar shekara uku, a inuwar wata tsamiya kan tudu, ta shiga shinkafa tana cirar ciyawa. Ruwa ya kwashe uwar ya yi gabas da ita, da ƙyar aka tsamo ta. Ta farfaɗo tana ihun ɗiyarta, amma ta ruɗe, ta kasa faɗin wane tudu ne, ga tuddai da yawa duk sun zama tsibirai. Namadi ya shiga jirginsa da maza huɗu suna ta bulayi. Abin da ya kai su wurin haushin kare ne.

Karen na wani dattijon makiyayi ne, Gidaɗo, wanda ke kiwo a gefen fadamar nan. Da ruwa ya taso ya kora shanunsa suka yi iyo suka nufi tudun Benin, karen kuwa ya ji kukan yarinya ya juyo. Su Namadi suka same shi tsaye tsakanin Zuhura da ruwa, yana haushi har muryarsa ta dushe. Aka ɗauki yarinya aka sa a jirgi. Karen ya faɗa ruwa ya biyo su, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a bakin jirgin. To, a jiƙe yake sharkaf, ga azahar ta gabato. Mazan nan kowa ya tattare rigarsa yana cewa kada ya taɓa shi. Namadi ya sa filafilin tuƙin jirgi a ƙirjin karen ya ture shi, ya ce zai dawo ya ɗauke shi.

Bai dawo ba. Ruwa ya ƙara ƙarfi, gidaje suka riƙa faɗuwa, kowa na ta kansa. Amma muna jin haushin nan yana ƙetaro ruwa safe da yamma, kowa na ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Can sai haushin ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Wallahi shirun ya fi haushin damun garin.

Ranar da ruwa ya janye har mutum zai iya ratsawa iya ƙugu, na ga Atika ta ɗauki babban daronmu na wankin kifi da buhu.

“Ina zuwa?” na ce.

“Tudun tsamiya, Yaya.”

“Ki ɗauko mushe?”

“In mushe ne in rufe shi,” ta ce, ta fita abinta.

Da la'asar sai ga ta da daro a ka, jiki duk laka. Ta sauke a ƙofar gida. Subhanallahi! Na ga yunwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Haƙarƙari a waje ɗaya bayan ɗaya, ƙugu kamar an rataya tsumma a kan turke, idanu sun faɗa, kunnuwa cike da kaska. Ba ya iya ɗaga kai. Numfashi ne kawai ke nuna da sauran rai.

Kafin magariba gari ya cika ƙofar gidanmu, kuma ba wanda ya zo hannu rabbana. Kun san mu. A wurinmu in kana jin kunyar mutum, kwano kake cika masa. Wannan ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka ta sha daddawa da yaji, wancan ya kawo kawunan tarwaɗa soyayyu, matan Fulani masu tallar nono suka juye madara sabuwar tatsa cikin kasko. Karen ya ja jiki ya hau ci, yana ci yana rawa, mutane na cewa madalla, a ƙaro masa. Cikinsa ya kumbura tim. Ba a jima ba ya amayar da komai, sai kuma zawo kamar an buɗe famfo. Ya kwanta ya miƙe ƙafafu.

Atika ta sunkuya ta ɗauke shi. Ta mayar da shi cikin daro, ta kai shi bayan gida, rumfar da muke tara itacen banda, ta shimfiɗa masa tattakar shinkafa. Mijinta Bunyaminu ya leƙa ya ce shi dai in ba ɗakinsa ba, ba ruwansa. Sannan ta dawo ta same ni.

“Yaya, in kin kai azumi, da mi kike buɗa baki?”

“Da ruwa da kunu mana. Tambayar mi ce wannan?”

“To wanga azuminshi ya fi namu tsawo, munka tarbe shi da tuwo da yaji. In anka ƙara mishi irin na yau, ba ya kai jibi. Ni zan ciyar da shi. Ke ki tsare mini ƙofa.”

Aikin da aka ba ni ke nan, kuma ba yabon kai ba, an ba mai shi.

Ta samo wata 'yar tukunya ta ware ta. Ta dafa shinkafa da ruwa mai yawa har ta narke, ba gishiri, ba mai, ba albasa, ba komai. Da farko ruwan shinkafar kawai take tacewa, ta bari ya huce, ta ba shi da ƙaramin ludayin da ake ba yara kunu. Ludayi guda, sai ta ɗauke kasko. Karen ya bi ta da ido, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro da ko dutse ya ji sai ya yi laushi. Ita kuwa ta juya baya. Sai an yi wata sallar ta sake ba shi ludayi guda. Da lokutan salla take auna cin nasa, ta ƙara da hantsi da kuma bayan la'asar sakaliya. Ruwan sha ma sai ta tafasa, don rijiyoyinmu duk ambaliya ta shige su.

Ni kaina na ce mata, “Atika, wannan ko ɗan tsako ba ya ƙoshi.”

“Ba ƙoshi nike nema ba, Yaya. So nike abin da ya shiga shi zauna.”

Da ta ga ruwan shinkafa na zama, sai ta fara barin ɗan kauri. Daga nan ta dafa kifi karfasa da ruwa zalla, ta zauna ta murje tsokar da yatsu tana tsince ƙaya, ta zuba kaɗan. Wani lokaci ta haɗa da dafaffiyar kabewa. Kullum da safe, kafin ta karya, sai ta ɗauki tsinke ta je ta duba abin da ya kasayar, ta tsaya tana nazari, sannan ta san ko za ta ƙara ko za ta rage. Kaskar kunnensa ɗaya-ɗaya ta cire ta jefa a wuta. Kuma duk taɓawar da ta yi masa sai ta wanke hannu da ƙasa da sabulu kafin ta yi alwala, har fatar hannunta ta yi fari ta tsattsage. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

A waje kuwa ni nake fama. Mace ta zo da kwano, in tare ƙofa.

“Bashira, ɗan romo ne na kawo wa bawan Allah.”

“Kai wa mijinki, shi ma bawan Allah ne.”

Sai magana ta bazu a gari, wai Atika ta kulle kare tana ba shi ruwan shinkafa, ga kifi jibge a gidanta. Wai hannun jarirai gare ta. Atika! Matar da ko maƙwabta ba su ɗora tukunya ba sai ta sani ta aika. A garinmu a ce maka ɓarawo ya fi sauƙi da a ce maka marowaci. Wata har ta biyo ni mashaya tana cewa in karen nan ya mutu, rowar ƙanwata ce ta kashe shi. Na ce mata ran da yake haushi a tudu kunnenta na wurin wanki ne? Ta kwashi tulunta. Amma da na dawo gida na zauna, sai na ga gaskiya ce: in ya mutu a hannun Atika, har ta koma ga Allah da sunan za a riƙa kiran ta. Na gaya mata. Ta ce ita sunanta bai dame ta ba, numfashin karen take kallo.

Ana cikin haka Malam Ibrahim Khalil, malamin dabbobi daga Bagudo, ya zo yi wa awaki allura saboda ambaliya. Atika ta roƙe shi ya leƙa rumfa. Ya durƙusa ya ja fatar wuyan karen ya saki, ya duba dasashinsa, ya tambayi abin da take ba shi. Ya ce ta ci gaba a haka, kada ta yi gaggawa. Ya ce akwai tsutsar ciki, amma sai ya ɗan yi ƙarfi za a ba shi maganin. Ya bar mata sirinji marar allura don ɗura ruwa in ta kama, ya ba ta lambarsa. Na fita na shelanta wa gari abin da malamin ya ce, har da ƙari. Suka ce ai malamin asibiti ne, su dama ba su san ƙoshi ba.

Karen ya fara ɗaga kai. Ya fara zama. Ran nan na shiga ɗibar itace sai na ga wutsiyarsa ta motsa a cikin tattaka. Na ce masa kada ya saba, ni ba ƙawarsa ba ce.

Sai ga ranar sadakar Namadi.

Tun da aka kawo karen, Namadi bai taɓa zuwa ƙofarmu da kansa ba, sai aike, ni kuma ina mayarwa. Ashe ya yi alwashin yanka rago don godiyar tsirar ɗiyarsa, ya kuma rantse a gaban mutane cewa karen nan zai ci daga ragon kafin kowa. Aka yanka da safe. Sai ga shi da kansa, ƙato, baƙi, kafaɗu kamar ƙofar zaure, ya riƙo akushi cike da kitse da hanta da ƙasusuwa. Ya yi sallama, idonsa a ƙasa.

Atika ta fito ta gaishe shi. Ta dubi akushin.

“Baban Zuhura, cikinshi bai kai nan ba tukuna.”

“Na rantse, Atika. Gaban jama'a na rantse.”

Sai ta sa wuƙa ta yanko tsoka marar kitse, ba ta fi kan babban yatsa ba. Ta ce za ta dafa ta daka ta sa masa a shinkafa, ya ci kafin kowa, rantsuwa ta fita ke nan. Sauran ya kai wa mutane.

Namadi ya dubi ɗan naman nan a tafin hannunta, fuskarsa ta canza. Rago guda, a ce rabon wanda ya tsare masa ɗiya bai fi loma ba? Ya ɗauki akushinsa ya tafi. Da azahar muka shiga gidansa taya matan gidan rabon nama, kamar yadda aka saba. Muna can ya zagaya ta bayan danga ya juye akushin nan gaba ɗaya cikin rumfa.

Da muka dawo, kasko na gefe, ƙasusuwa a warwatse, karen na kwance cikin amai. Zawon wannan karon har da jini. Duk ɗan naman jikin da ya fara mayarwa kamar an zare shi. Atika ta tsaya a bakin rumfa. Tun muna yara ban ga hawayenta ba sai ranar.

Ni kuwa ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Na same shi a ƙofar gidansa cikin maza ana cin nama.

“Namadi! Ka ture shi da filafili bai mutu ba, shi ne ka biyo shi da akushi ka ƙarasa? Mi ya yi maka? Ɗiyarka ya tsare, ko gonarka ya ci?”

Wani dattijo ya ce in yi haƙuri, alheri ya yi niyya. Na ce alherin da ke sa zawon jini Allah ya raba mu da shi. Namadi ya ajiye naman da ke hannunsa, ya tashi ya bi bayana har gida.

Muka tarar Atika ta riga ta kira Malam Ibrahim Khalil a waya, ta zauna dirshan a ƙasa, ta ɗora kan karen a cinyarta, tana ɗura masa ruwa da sirinji ta gefen baki, ɗigo-ɗigo. Namadi ya tsaya a kanta. Ƙaton nan sai ga shi yana share ido da hannun riga.

“Tun ranar ban yi barcin kirki ba,” ya ce. “Ina rufe ido sai in ga ƙafafunshi a bakin jirgi. So nike in ga ya ƙoshi ko sau ɗaya, ko na samu sauƙi.”

Na buɗe baki zan ƙara masa, Atika ta ɗaga mini hannu.

“Na sani, Baban Zuhura,” ta ce. “Amma sauƙinka kake nema, shi kuwa cikinshi ba ya ɗauka. In Allah ya tashe shi, kuma kana son ka yi mishi wani abu, ka riƙa kawo karfasa ɗaya kullum. Ƙarama. Ka zauna nan ka cire ƙayar da hannunka.”

Malamin ya iso kan babur kafin magariba, ya yi wa karen allura, ya lalluba cikinsa ya ce da sauƙi tunda ƙashi bai maƙale a ciki ba, amma ba zai yi alkawari ba. Aka koma farko. Ruwan shinkafa, ludayi guda, a ɗauke kasko. Kwanakin nan Atika ta bar mini banda ni kaɗai, ta tare a rumfa. Ta rame, idonta ya yi zuru-zuru. In na kai mata abinci sai in tarar ya huce ba ta taɓa ba. Na yi faɗa har na gaji. Wani lokaci in na leƙa sai in kasa gane ko yana numfashi, sai ta ɗora tafin hannu a haƙarƙarinsa ta gyaɗa mini kai.

Namadi kuwa ya bi maganar Atika. Ku da ba ku san masunta ba ba za ku gane nauyin abin ba. Mutumin da in zai yi kyauta sai ya ciko kwando, shi ne kullum da safe yake ratsa tsakiyar gari riƙe da karfasa guda wadda ba ta kai tafin hannunsa ba. Abokansa na tsokanarsa, “Namadi, yau ma gulbi ya yi rowa?” Bai kula su ba. Tun karen bai isa cin kifi ba yake kawowa, Atika ta dafa, ya zauna bakin rumfa kan turmi, da yatsunsa masu kaushin igiyar komar kamun kifi, yana murza tsoka yana tsince ƙaya. Ran da aka fara sa wa karen kifin a shinkafa, shi ya riƙe ludayin. Ya zuba guda, hannunsa ya koma tukunya da kansa zai ƙaro. Atika ta ce, “Baban Zuhura.” Ya mayar da ludayin.

Da mata suka ga Namadi da kansa ya bi, sai kwanuka suka daina zuwa. Masu cewa hannun jarirai suka koma tambayata a mashaya, “Ya mai jiki?” In ce da sauƙi, ba da taimakonku ba.

Wata safiya ina cikin hura wuta na ji Atika na ƙwala mini kira, abin da ba ta taɓa yi ba. Na zaci mutuwa ce, na yar da mafici na ruga. Na same ta tsugune da tsinke a hannu, fuska kamar an yi mata albishir da Makka.

“Yaya, dubi! Ya ɗaure!”

Kashin kare aka kira ni in gani, jama'a, da girmana. Kuma na duba, na ce alhamdulillahi, har na ji idona ya kawo ruwa. Daga ranar ludayi ya zama biyu, ya zama uku. Malamin ya dawo ya ba da maganin tsutsa, daga baya ya yi masa allurar haukan kare. Haƙarƙari suka fara ɓuya, gashi ya fito ja mai sheƙi. Ran da akuyar maƙwabta ta shigo za ta ci mana kifi, ya miƙe ya yi haushi guda, duk unguwa sai da aka leƙo. Muryar da muka yi kamar ba mu ji ba ce ta dawo.

Bayan an yanke abin da ruwa ya bari na shinkafa, ranar wata Juma'a da hantsi, wani dattijo dogo siriri ya yi sallama a ƙofarmu, da malfa da sanda a kafaɗa. Gidaɗo ne. Masu tallar nono ne suka kai masa labari can ƙetare, bai yarda ba sai da ya tako. Muka gaisa, Atika ta kawo masa ruwa. Bai sha ba. Ya dubi bayan gida ya yi kira a hankali, “Lelwa.”

Sunan ke nan, wai barewa da Fulatanci, mu duk zaman nan Karen Tudu muke ce masa. Sai ga shi ya fito a guje har yana tuntuɓe, ya zube a ƙafafun tsohon yana kuka yana birgima. Gidaɗo ya durƙusa ya kama kansa da hannu biyu yana yi masa magana da yarensu. Na ba shi labari tun daga tudu har akushi, ban rage komai ba. Da na gama, sai ya dubi hannuwan Atika.

“Ɗiyata,” ya ce, “na zo da niyyar in tafi da shi. Amma wanda ya yi wannan wahala ya fi ni iko da shi. In kina so, na bar miki.”

Na dubi Atika. Na san abin da ke ranta, don ni ke jin ta da asuba tana yi wa karen hira, ita da ba ta hira da mutane.

“Baffa, karen shanu ne,” ta ce. “Nan ba ya da aiki sai kallon kaji. Tun da ya warke, in iska ta taso daga yamma sai ya tsaya yana shinshina. Ka tafi da shi. Amma ka ji sharaɗina.”

Ta zaunar da dattijon nan kamar ɗan makaranta. Kada ya cika masa kasko da madara don murna, in zai ba shi nono ya ba shi kindirmo kaɗan a kan tuwo marar yaji. Ban da kitse, ban da dafaffen ƙashi. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, har cikin ya saba. Gidaɗo ya yi dariya ya ce wallahi ya riga ya sa a ajiye masa ƙwarya guda ta madara. Ta ce to 'yan maruƙa su sha. Ta ƙulla masa shinkafa da busasshen kifin da ba a sa wa gishiri ba, ta ɗora ɗan ludayin a kai.

Tsakaninmu da hanyar Benin akwai wani rafi da bai ƙafe ba, sai da jirgi. Muka raka su, yara da mata suka biyo baya. Jirgin da ke bakin ruwa na Namadi ne, shi kuma yana tsaye da farar rigarsa ta Juma'a, sabuwar guga, zai ƙetar da su ya wuce masallaci. Gidaɗo ya shiga ya zauna ya kira karensa.

Lelwa ya zo har ruwa ya taɓa ƙirjinsa, sai ya tsaya cak. Ya dubi jirgin, ya dubi filafilin da ke hannun Namadi. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya ja da baya ya kwanta cikin laka. Gidaɗo ya kira, ya sake kira. Atika ta lallashe shi. Ko motsi.

Namadi ya ajiye filafilin a hankali cikin jirgi. Ya sauko cikin ruwa da rigarsa, ya tako har inda karen yake, ya durƙusa ya miƙa masa hannun da ya saba jin ƙanshin karfasa a jikinsa. Karen ya shinshina. Sai Namadi ya sa hannu biyu ya ɗauke shi cak, jiƙaƙƙe, da laka da komai, ya rungume shi a ƙirjin farar rigar nan, ya kai shi tsakiyar jirgi ya ajiye.

Wani daga bakin gaɓa ya ce, “Namadi, salla fa?”

“Riga ana wanke ta,” ya ce, ya ɗauki filafili.

Muka tsaya har suka ƙetare. Muna hango su, tsoho a gaba, kare na zagaya shi, har suka shige cikin itatuwa. Atika ba ta ɗaga hannu ba. Muka juyo gida.

Da la'asar na fito daga ɗaki sai na ga 'yar tukunyar nan a kan murhu. Ta dafa shinkafar, ta narke, ta sauke ta huce, ta ɗauka ta nufi bayan gida. Sai da ta kai bakin rumfa ta tsaya. Ta daɗe a tsaye da tukunya a hannu, tana duban tattakar da ba kowa a kanta.

Na je na karɓi tukunyar, na kamo hannunta muka zauna kan tabarma. Na ɗauko cokali biyu. Shinkafa ce ba gishiri, ba mai, ba ta da ɗanɗanon komai, kuma duk garin nan an san ni ba na cin abu in yi shiru. Muka cinye ta tas, ban ce uffan ba.